Kura Da Shan Bugu: Waƙar Tsohuwa A Bakin Yaron Birni

Na san na yi alkawarin cewa a wannan mako zan koma kan batun taki da halin da manoman Kebbi ta Kudu ke ciki, to amma ina neman uzuri. Wani abu ya faru a gabana a garin Bena wanda ya hana ni sakat, na kuma ga cewa in ban faɗe shi da zafinsa ba zai huce, in ya huce kuwa ba zan iya faɗarsa yadda ya kamata ba.

Ɗaurin auren 'yar ƙanena ne ya kai ni. Ga wanda bai san Bena ba, gari ne a ƙaramar hukumar Danko-Wasagu cikin masarautar Zuru, kuma kasuwarsa ce ta fitar da sunansa, kasuwar hatsi da dabbobi wadda manyan motoci ke zuwa lodi daga nesa. Bayan an shafa fatiha an ci abinci, da la'asar mata suka cika tsakar gida, wani yaro mai hayar kayan sauti ya kafa lasifikarsa a gindin darbejiya ya jona wayarsa. A waƙa ta uku ko ta huɗu da ya saka sai 'yan mata suka ɗauki shewa gaba ɗaya. Waƙar soyayya ce irin ta yanzu, kiɗan fiyano, murya an tace ta da na'ura har ta yi santsi. Ni ma na sha jin ta a tashar mota da shagunan cajin waya, ban dai taɓa tsayawa na saurara ba.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta ba saba'in baya, tana cikin kwasar tuwo sai ta tsaya cak da mara a hannu. Ta yafuto ni ta ce, "Kai ɗan nan, zo nan. Waƙar wa ake sakawa?" Na ce, "Gwaggo, ta yaran zamani ce, wani mawaƙi ne a Kano." Ta ce, "Wace irin Kano? Wannan ai waƙar maƙwabciyarmu ce ta tsohon gida. Da kunnena na ji ranar da ta fara yin ta a bakin dutsen niƙa, ina goye da yayarka." Na yi dariya na ce ai kiɗa kan yi kama da kiɗa. Ta dube ni irin duban da ake yi wa yaron da boko ya ɗauke wa hankali, ta ce in ina musu in shirya gobe, matar tana raye, tana nan cikin Bena.

Washegari muka je. Tsohuwar Badakkariya ce, ba zan ambaci sunanta ko na ƙauyenta ba saboda ban nemi izininta a kan haka ba. Shekara uku ke nan da 'yan bindiga suka tashe su, yanzu tana zaune a ɗaki ɗaya wurin jikanta a bayan kasuwa. Bayan doguwar gaisuwa da tuna waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Gwaggo ta ce in saka mata waƙar. Ta saurara har ƙarshe kanta a sunkuye. Da ta ƙare sai ta gyara zama, ba kiɗa ba tafi, ta rera tata da harshen C'lela. Ni ba masanin kiɗa ba ne, amma kunne ba ya bukatar digiri a irin wannan wuri. Hawa da saukar muryar, inda ake jan numfashi, inda amshi ke faɗowa, duk iri ɗaya ne sak. Kalmomin ne kawai aka sauya.

Jikan ne ya fassara mini, domin C'lelana bai wuce na gaisuwa da ciniki ba. Ashe waƙar kuka ce. Yayanta ya shiga soja a lokacin yaƙin basasa, tsakanin 1967 da 1970, kamar yadda samarin ƙasar Zuru masu yawa suka shiga, bai kuwa dawo ba, ba a kuma kawo gawarsa ba. A cikin waƙar tana kiran sunansa, tana tambayar wanda zai nome gonarsa da wanda zai kai wa mahaifiyarsu labari. Wannan ce waƙar da 'yan mata suka kwana suna taka wa rawa a bikin 'yarmu. Na ce, "Inna, kin ji haushi?" Ta ce, "Ɗana, yaron yana da murya. Amma da ya zo ya tambaye ni, da na gaya masa wannan ba ta rawa ba ce. Ina da na rawa, da na ba shi."

Tun ina cikin mota a kan hanyar Zuru tunanina ya tafi Amurka, don kuwa can ne aka fi yin irin wannan shari'a a bainar jama'a, can ne kuma aka ajiye lissafinta a rubuce. Har zuwa 1949 mujallar Billboard, mai fitar da jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa, tana ware waƙoƙin baƙar fata a wani jeri na daban wanda sunansa ma kansa ke nufin faifan wani jinsi. A shekarar ce aka sauya masa suna, amma katangar ba ta faɗi ba. Manyan gidajen rediyo ba kasafai suke saka muryar baƙar fata ba, manyan shagunan faifai ma haka. Sai kamfanoni suka gano wata hanyar cin riba: a zuba ido a ga waƙar da ke tashe a unguwannin baƙar fata, a yi maza a kira wani farar fata ya sake rera ta, a rage mata kaifi, a tura ta ƙasa baki ɗaya kafin ta asalin ta tsallake unguwarsu. Doka kuwa tana tare da su. Dokar haƙƙin mallaka ta 1909 ta ce da zarar an fitar da waƙa a faifai, kowa na iya sake ɗaukarta in dai zai biya santi biyu a kan kowane faifai ga wanda sunansa ke kan takarda a matsayin mai waƙar. Murya da salo da tsarin kiɗa, wato ainihin abin da ya sa waƙar ta yi daɗi, ba su da mai tsaro.

Wata mawaƙiya, LaVern Baker, ta ɗanɗani wannan a 1955 da waƙarta "Tweedle Dee", wadda Georgia Gibbs ta kwafe har da tsarin kiɗanta ta kuma fi ta ciniki nesa ba kusa ba. Baker ta kai kuka wurin ɗan majalisar tarayya Charles Diggs tana neman a gyara dokar, ba a gyara ba. A shekarar dai Pat Boone ya ɗauki "Ain't That a Shame" ta Fats Domino ya kai ta matsayi na ɗaya, daga baya kuma ya bi "Tutti Frutti" ta Little Richard ya zarce shi a babban jeri. Akwai abin lura a tsakanin mutanen nan biyu. Domino sunansa na kan takarda a matsayin ɗaya daga marubutan waƙarsa, saboda haka duk faifan da Boone ya sayar yana da kasonsa. Little Richard kuwa ya riga ya sayar wa kamfaninsa haƙƙin tasa a kan dala 50. Waƙa biyu, mai kwafa ɗaya, amma takarda ta raba makomarsu.

Labarin da aka fi sani shi ne na Big Mama Thornton. Ta ɗauki "Hound Dog" a 1952, aka fitar a 1953, ta yi mako bakwai tana kan gaba a jerin baƙar fata, ta kuma ce dala 500 kacal ta taɓa gani daga gare ta. A 1956 Elvis Presley ya fitar da tasa ta yi mako 11 a matsayi na ɗaya a ƙasa baki ɗaya. Gaskiya ta sa in ƙara da cewa waɗansu samari biyu farar fata, Jerry Leiber da Mike Stoller, su suka rubuta mata waƙar, don haka zancen bai miƙe kamar yadda masu zafin kai ke miƙar da shi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya sami ma'anar. A bakin Thornton, mace ce ke korar wani malalacin namiji da ke cin abincinta ba ya tsinana komai. A bakin Elvis wannan ma'ana ta zube, aka bar kiɗa da karkaɗa ƙafa. Da na tuna haka sai na ga tsohuwar bayan kasuwar Bena zaune a gabana.

Mafi kusa da mu, na Afirka ne. A 1939 wani Bazule mai suna Solomon Linda, tare da ƙungiyarsa ta Evening Birds, ya ɗauki waƙar "Mbube", wato zaki, a kamfanin Gallo da ke Johannesburg. Sule goma aka ba shi. Faifan ya yi kasuwa a Afirka ta Kudu, daga baya ya faɗa hannun Alan Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya a Amurka, shi kuma ya miƙa wa Pete Seeger. Seeger bai ji kalmar Zulu daidai ba, sai ya kira ta "Wimoweh", ƙungiyarsa ta Weavers ta yi tashe da ita a 1952. A kan faifan an rubuta cewa wani Paul Campbell ne mai waƙar. Babu wani mahaluki mai wannan suna a cikin lamarin, suna ne na aro da ake liƙa wa waƙoƙin da aka ɗauka ba su da mai su domin a karɓi kuɗinsu. A 1961 ƙungiyar Tokens ta sake fitar da ita da baitocin Turanci da sunan "The Lion Sleeps Tonight" ta hau matsayi na ɗaya. Linda ya rasu a 1962 cikin talauci. A 1994 kamfanin Disney ya saka waƙar a fim ɗin Lion King, 'ya'yan Linda na zaune a Soweto ba su da labarin dukiyar da ke gudana. Sai a shekarar 2000 wani ɗan jarida, Rian Malan, ya bi sawun kuɗin ya wallafa a mujallar Rolling Stone, ya ƙiyasta cewa waƙar ta tara kimanin dala miliyan 15. Aka shiga kotu a 2004, aka yi sulhu a 2006, shekara 44 bayan an binne mai waƙar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, a nan ne mai karatu Bahaushe zai gyara zama ya ce Allah wadan Turawa. Ni ma haka na fara. Amma ban kai Zuru ba sai da na tambayi kaina: a ƙasar nan tamu, wa ke tsaye a inda Pat Boone ya tsaya?

Kafin in amsa, bari in kawar da wata fahimta. Aron kiɗa shi kaɗai ba laifi ba ne, ba mu kuma da bakin cewa laifi ne. Tun da gidajen silima na Kano irin su Rex da Palace da Plaza suka fara nuna finafinan Indiya, muke ɗebo karin muryarsu. 'Yan bandiri sun ɗora yabon Manzon Allah (SAW) a kan waƙoƙin Indiya, har aka yi ƙungiya a Kano mai suna Ushaƙu Indiya, abin da Brian Larkin ya yi nazari a kai. Masana'antar finafinan Hausa, tun daga Turmin Danya a 1990 har zuwa lokacin da fiyanon Yamaha ya mamaye ɗakunan ɗaukar sauti, ta sha ɗauko waƙar Indiya sukutum ta sa mata kalmomin Hausa, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bi sawun da yawa daga cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Ban wanke wannan ba, ɗauka ce ba izini. Sai dai yaron Kano da ya ari muryar Lata Mangeshkar bai tare mata ƙofar kasuwa ba, bai shafe sunanta ba, bai kuma rage mata ko loma ɗaya ba. Ya ɗauka ne daga wanda ke sama da shi. Abin da aka yi wa Linda da Thornton ɗauka ce daga wanda ke ƙasa, wanda ba a bari ya shiga ta ƙofar da aka shigar da waƙarsa ba.

A ƙasar Zuru kuwa, harshen Hausa shi ne wannan ƙofa. Da shi ake ciniki a kasuwar Bena, da shi ake wa'azi a masallaci da ma coci-coci da dama, da shi rediyo ke magana, da shi ake yaƙin neman zaɓe. C'lela da Dukanci da Kambarci da Fakanci suna nan da ransu, suna da waƙoƙin noma da na golmo da na Uhola da na makoki waɗanda in ka ji su tsigar jikinka za ta tashi, amma iyakarsu gona da tsakar gida da dandalin biki. In waƙa tana so ta hau mota ta je Kaduna ko Kano ko Yamai, sai ta sauya harshe. In ta sauya harshe kuwa, sau da yawa sai ta sauya uba. Mun saba kallon kanmu a matsayin waɗanda Turanci ya danne, har mun manta cewa akwai waɗanda mu muke danne wa ba tare da mun ko ji nauyinsu a ƙarƙashinmu ba. Haka abin yake a cikin Hausawan ma kansu, tsakanin birni da ƙauye, tsakanin maza da mata. Waƙoƙin daɓe da na niƙa da na gaɗa nawa ne suka fito daga bakin matan da ba a san sunansu ba suka koma amshin waƙoƙin fim? Hajiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta fito da kiɗan amada na matan cikin gida zuwa idon duniya da sunanta da ƙwaryarta, amma irinta nawa ne a cikin dubbai?

Magabatanmu makaɗa suna da tasu hanyar tsare haƙƙi, ko da yake ba takarda. Makaɗi kan sa hannu a cikin waƙarsa, ya ambaci kansa da kirarinsa, ya ambaci ubangidansa da garinsa, ta yadda ko an kai ta bangon duniya za ta faɗi gidansu. Wanda ya ji Narambaɗa ya san ƙasar Isa yake, wanda ya ji Ɗanƙwairo ya san Maradun, wanda ya ji Sani Aliyu Ɗandawo ya san Yawuri. Sana'ar gado ce, ɗa ya gaji uba da waƙoƙinsa, jama'a kuma su ne alƙalai. Makaɗin da ya ɗauki waƙar da aka yi wa wani basarake ya cire suna ya liƙa na wani, ya jawo wa kansa abin gori har ƙarshen rayuwarsa. Wannan tsari ya yi aiki ne saboda mai ji da mai yi suna zaune a fili ɗaya. Da na'ura ta zo, tun daga Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 da kamfanonin faifai irin su EMI, sai waƙa ta rabu da jikin mai ita ta yi tafiyarta ita kaɗai. Manya irin su Dokta Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, da Ɗanmaraya Jos, sunansu ya yi girman da ba ya shafuwa. Duk da haka, ku leƙa YouTube ku ga shafuka nawa ke ɗauke da waƙoƙinsu, ku tambayi kanku nawa ne a ciki ke da alaƙa da iyalansu. In haka ta sami Shata, ina ga tsohuwar da ko sau ɗaya ba ta taɓa tsayawa a gaban makirfo ba?

Na nemi lambar yaron mawaƙi na kira shi. Ashe ɗan yankin ne, a nan ya yi firamare kafin neman abinci ya kai shi Kano. Bai yi mini musu ba ko kaɗan, abin da ya sa na ga girmansa. Ya ce, "Baba, tun ina ƙarami nake jin ta a bakin mata in suna aiki. Na ɗauka waƙar gargajiya ce, ba ta kowa ba." Na ce ta wata ce, tana nan da ranta. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Baba, in na rera ta da yarenmu wa zai saya? Kuma wallahi kuɗin da ake zaton na samu ban gan su ba. Bashi na ci na shiga situdiyo. Kwana biyu da fitowarta masu tura waƙa a waya suka baza ta ko'ina. Abin da nake samu sai in an gayyace ni biki." Na yarda da shi. Wanda ya san kasuwannin Arewa ya san rumfunan da ake cika wa mutum katin waya da ɗaruruwan waƙoƙi a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, ba kuma ko kwabo da ke komawa ga mawaƙi. Wato gardin namu ma ba wani abin kirki ya karɓa ba, akwai wani gardin a bayansa.

Amma kalmarsa ta farko ce nake so mu tsaya a kai, wato "gargajiya ce, ba ta kowa ba". Wannan ita ce Paul Campbell tamu. Kowace waƙa da muke kira ta gargajiya wani mutum ne ya fara yin ta, a wata rana, saboda wani dalili. Abin da kalmar ke nufi a mafi yawan lokaci shi ne mai waƙar talaka ne, ko mace ce, ko mai ƙaramin harshe ne, ba wanda ya damu ya riƙe sunansa. Seeger ma da farko haka ya ɗauka game da waƙar Linda, da ya gane kuskurensa ya aika masa da kuɗi ya kuma nemi a riƙa tura masa kasonsa, sai dai a lokacin takardu sun riga sun shiga hannun waɗanda ba su da irin kunyarsa.

Abin mamaki, dokar Najeriya ta yi tanadi a kan wannan tun dokar soja ta 1988, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta riƙe tanadin. Ta ce waƙoƙi da kiɗe-kiɗe da raye-rayen gargajiya ba kayan tsintuwa ba ne. Wanda zai yi kasuwanci da su, ko ya fitar da su daga muhallinsu na al'ada, sai ya nemi izinin Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, sannan ya ambaci al'umma ko wurin da ya ɗauko su. Ɗalibai masu karanta wannan shafi, musamman masu karatun lauya, su lura da giɓi biyu a nan. Na farko, izinin yana hannun hukuma ne a Abuja, ba a hannun mutanen da suka haifi waƙar ba. Na biyu ya fi shafar tsohuwarmu. Waƙar da ke da sanannen mai ita tana da kariya tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan rasuwarsa, amma da sharaɗin an adana ta a wani abu tabbatacce, rubutu ko ɗaukar sauti. Tata fiye da shekara hamsin tana yawo a iska daga baki zuwa baki. Wanda ya fara kai ta gaban na'ura shi ne yaron, don haka a idon mai duba takarda shi ke da hujja, ita kuwa shaidarta Gwaggona ce da mararta.

Ba na cikin masu cewa a hana matasa taɓa tsoffin waƙoƙi. In aka hana, waƙoƙin za su mutu ne kurum, musamman yanzu da ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba da dama suka watse, gayya ta ragu saboda gonakin nesa ba sa nomuwa, injin niƙa ya kori dutse, tsofaffin da ke riƙe da waƙoƙin suna ƙarewa a ɗakunan haya a garuruwan da ba nasu ba. Yaron nan, da saninsa ko ba da saninsa ba, ya tsamo wani abu daga bakin rami. Tambayar ita ce ko za a tsamo waƙar a bar mai ita a ciki. Akwai misalin da ke nuna ana iya yin abin ta wata hanya, kuma farar fata ne ya yi shi. Christopher Kirkley, Ba'amurke, ya tattara waƙoƙi daga katunan wayar mutane a arewacin Mali, ya fitar da su a faifai a 2011. Waƙoƙin da yawa sun zo masa ba suna, amma bai rubuta "gargajiya" ya huta ba, sai ya bi sawun masu su ya nemo su ya yi yarjejeniya da su. Ɗaya daga cikinsu shi ne Mdou Moctar, Ba'abzine ɗan Nijar, wanda a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008 da irin na'urar tace murya ta mawaƙan Hausa. Yau shi da kansa ke zagaya duniya da garayarsa ta zamani, ba wani ke rera masa ba.

Irin wannan bin sawu ba ya bukatar jiran Abuja. Masu gabatar da shirye-shiryen waƙoƙi a rediyo za su iya tambayar kowane mawaƙi inda ya samo karinsa, a faɗa jama'a su ji. Sassan nazarin harsunan Najeriya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran manyan makarantunmu suna tura ɗalibai rubuta kundin kammala karatu kowace shekara, sau da yawa a kan makaɗan da aka riga aka rubuta kundi ashirin a kansu. Me zai hana a tura waɗansu wuraren da 'yan gudun hijira ke zaune a Bena da Ribah da Zuru, su ɗauki muryoyin tsofaffi, kowace waƙa da sunan mai ita da ƙauyensa da dalilin yin ta? Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi wa makaɗan Hausa irin wannan hidima shekara da shekaru, ana kuma cin moriyarta har yau. Ƙananan harsunan Kebbi ta Kudu suna jiran nasu. Masarautar Zuru ma, da take tara jama'a domin bikin Uhola, tana da damar da ba kowa ke da ita ba ta sa a yi rajistar waƙoƙin da ake rerawa a wurin da sunayen masu su.

Kafin in baro Bena na koma wurin tsohuwar da jikanta. Na roƙe ta ta sake rera waƙar, na ɗauka a wayata, na sa ta fara faɗin sunanta da na mahaifinta da na ƙauyenta da sunan yayan nata da bakinta, ni kuma na faɗi kwanan wata. Na tura wa jikan kwafi, na ajiye ɗaya a kwamfuta. Ta ƙara mini da guda biyu na rawa, ta ce in kai wa yaron in yana so, amma ya zo da ƙafarsa ya gaishe ta. Na isar masa da saƙon. Ya ce zai zo bayan kaka in hanya ta yi kyau, zai kuma sa a gyara rubutun da ke ƙarƙashin waƙar a intanet a saka sunanta. Jiya da dare na duba, ba a gyara ba tukuna. Gwaggo ta ce in ba shi zuwa ƙarshen wata kafin in sake kiransa.